Ƙuri'ar Salama

Salama, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake yanzu ko sunanki ba ki iya faɗa daidai ba, Lama kike cewa. Na san idan kin girma za a ba ki labarin Litinin ɗin Ista a gidan kakanninki a Kafanchan, na kuma san yadda za a ba ki shi: da dariya. Za a ce Anti Godiya ce kanta ya taɓu, ta sa aka shimfiɗa tabarma aka yi zaɓe a kan yarinyar da ba ta daina fitsarin kwance ba. Mamanki ta iya ba da labari, tana yi tana kwaikwayon muryar mutum, kowa sai ya riƙe ciki. Ni ban iya ba. Shi ya sa na zauna da biro tun abin bai huce mini ba, don ki ji shi daga bakin wadda ta faɗi zaɓen.

Mu biyu ne mata a ɗakin Mama, Murna mamanki ita ce babba, sai ni. Tun ina firamare ban taɓa sa yunifom ɗin da aka ɗinka da awona ba, kwancen Murna nake sawa, Mama ta kama ƙugun da zare. Littattafaina duk da sunanta a bango, an soke an rubuta nawa a ƙasa. A coci ita ke ba da waƙa, ni kuwa malamin kwaya, mai koyar da mawaƙan coci, ya saurare ni sau ɗaya ya ce baiwata ta fi dacewa da tarbar baƙi a bakin ƙofa. Har na gama sakandare akwai mutanen unguwarmu da ba su san sunana ba, ƙanwar Murna kawai. A bakin ƙofar cocin nan na fara ganin babanki Iliya. Mutumin Maradi ne a Nijar, cikin Kiristocin can da ba su da yawa, sayen busasshiyar citta ke kawo shi ƙasarmu duk rani, ya bi Kwoi da ƙauyuka yana tara wa maigidansa buhuna. Ni na nuna masa wurin zama, ni na ba shi littafin waƙoƙina don ba shi da nasa. Ana cikin sujada ya yafito ni, na taho da sauri ina gyara ɗankwali, ya sunkuyo ya ce:

"Ƙanwata, wace ce waccan mai ba da waƙa?"

Da maganar aure ta taso, 'yan'uwan Baba sun ƙi. Suka ce ta yaya za a kai 'yar ƙabilarmu ta Bajju wata ƙasa, inda ko gawarta ba za a iya ɗaukowa ba. Baba, kakanki, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum ne mai son taswira da rediyo. Ya ce musu Maradi ta fi Legas kusa, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe da haɗa ƙungiya guda, sun yi wa juna alkawari kowa ya shiga ƙasar kowa da ɗan katinsa, ba biza ba roƙo. Ya ce bisa wannan alkawari ya ba da 'yarsa. Ki riƙe wannan, domin duk haushin da ya yi daga baya daga nan ya samo asali.

Da damina Murna ta kawo ki yaye. Ta sami wani ciki kina kan nono, cikin kuma yana wahalar da ita. A gidanmu yaye na kaka ne: uwa ta kawo yaro ta ajiye, ta ɓace masa da gani har ya manta nono, sannan ta dawo ta ɗauki abinta. 'Yan makonni aka ce. Ranar da za ta koma aka goya mini ke aka ce in kai ki tashar jirgi ki ga tsofaffin taragu, kafin mu dawo ta shiga mota. Ba ta daɗe da isa ba sojoji suka ƙwace mulki a Nijar, ƙungiyar ƙasashen ta yi fushi, aka rufe iyaka. Masu ƙarfin hali suna bi ta daji a kan babur, amma likita ya ce Murna ko kasuwa kada ta je, balle ta hau babur a cikin yashi. Ta kwanta a can da ciki, ke kina nan.

Mama tana da ciwon gwiwa, ga rumfarta a kasuwa, don haka yayen da aka ce na kaka ne ya faɗo kaina. Ba zan ɓoye miki ba, da farko ban so ba. Kina kuka har muryarki ta dushe, kina laluben ƙirjina, in ba ki samu ba ki gantsara mini cizo. Har yanzu akwai tabon haƙoranki a kafaɗata ta hagu. Na koyi dama kunun gyaɗa yadda ba zai yi gudaji ba, na koyi yin faten acca ba yaji, na koyi wanke citta da fasa ta da ke a bayana kina jan kitsona. Na cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya a shekarar, amma makon jarrabawa kika kwanta da ƙyanda, idonki ya rufe, ba wanda kike yarda ya taɓa ki sai ni. Ban je ba. Ba wanda ya ce in zauna, ba kuma wanda ya ce in tafi. Murna tana kira ta bidiyo tana kuka a nuna mata ke, amma duk ranar da kika ga fuskarta a waya sai ki wuni ba ki ci komai ba. Mama ta kafa doka, da irin Hausarta ta kasuwa da babanki yake yi wa dariya:

"Yarinya ya ga uwa, ya tuna nono. A bar nuna shi har ya manta."

Aka bari. Murna ta koma jin muryarki daga nesa, ni ina riƙe da wayar a bayan ƙofa. Nono kin manta shi tun kafin a cire gyaɗa, amma dokar ba wanda ya tuna ya ɗage ta, ni kuwa ban tuna wa kowa ba. Wata safiya ina shara kika riƙo zanina kika ce Mama. Na waiwaya ina neman wadda kike kira, ba kowa a tsakar gidan sai ni da kaji. Salama, duk abin da na taɓa samu a duniya kwancen Murna ne, ke ma in an bi gaskiya kwancenta ce, amma ke kaɗai ce kwancen da ya zauna mini daidai ba a kama shi da zare ba.

Bayan Kirsimeti aka haifi ƙaninki Yusufu, kuma a 'yan kwanakin nan rediyo ya faɗi cewa sojojin Nijar da na wasu ƙasashe biyu sun ce sun fita daga ƙungiyar gaba ɗaya. Daga ranar gindin mangwaron gidanmu ya zama majalisa. Kullum da yamma Baba zai fito da rediyonsa, Papa Chidi maƙwabcinmu ya jawo benci. Papa Chidi Inyamuri ne amma a Kafanchan aka haife shi, babansa direban jirgi ne, Hausa a bakinsa ta fi ta Mama. Baba ya ce ba ruwansa da ko fitar alheri ce ko sharri, abin da ya sani shi ne ba a tambayi mutane ba. Ya ce abu ne da ya shafi mai kai albasa, da mai kiwo, da wanda ya aurar da 'yarsa, to a kafa akwati a yi ƙuri'ar raba gardama, kowa ya dangwala, in sun ce a fita a fita. Papa Chidi ya ce shi ma da haka yake gani, amma ya tuna lokacin da yana yaro aka cusa su a tarago aka gudu da su gabas kafin yaƙin basasa. Ya ce ba wanda ya tambayi uwarsa ko tana so a raba ƙasa, amma da an tambaye ta a ranar, da zafin da ke zuciyarta, da hannu biyu za ta dangwala, kuma da yunwar da ta kashe ƙannensa ba ta fasa zuwa ba. Ya ce mutum yakan zaɓi abin da ke gaban idonsa ne, ba abin da ke bayan dutse ba. Baba ya ce ko da haka ne, gara mutum ya faɗa ramin da ya haƙa da hannunsa. Mama tana tsince shinkafa ta ce su biyun duk ba su da aikin yi.

Babanki ma yana shiga ta waya, a ƙara murya a ajiye shi a kan benci. Shi yana murna da fitar. Ya ce ƙungiyar da ta rufe musu iyaka aka yanke musu wuta, magani ya yi wuya matarsa tana kwance, ba 'yan'uwa ba ne. Ya ce ai an tambayi mutane, duk wanda ya ga yadda jama'a suka cika tituna suna kiɗa ya ga amsa. Baba ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce:

"Iliya, wanda ya fita titi an gan shi. Matarka da ke kwance a ɗaki, 'yarta tana wata ƙasa, wa ya ƙirga ta?"

Ni a wannan gardama bayan Baba nake, har nakan sa baki in kawo abin da aka koya mana a darasin gwamnati, Papa Chidi yana ce mini lauya. Da baki ina cewa a tambayi talaka, a buɗe iyaka. Amma in ana addu'ar safe Mama ta ce Ubangiji ya buɗe hanya, amin ɗina ba ya wuce haƙorana. Ba tuba nake yi ba da na faɗa miki wannan. Duk wadda ta yi jinyar ƙyanda ta zo ta ce mini da ita ce da ta yi amin da ƙarfi.

An buɗe iyakar gab da Ista. Ranar Alhamis mai tsarki suka iso, Murna ta yi fari ta yi kyau kamar ba ita ta sha wahala ba, da jariri a baya da leshi iri ɗaya da na mijinta. Ta yar da jaka a ƙofar gida ta durƙusa ta buɗe hannu tana kiran sunanki. Kika dube ta, kika zagaya bayana kika cusa kai cikin zanina. Ta yi kuka, Mama ta yi kuka, ni ma na sunkuyar da kai kamar mai kuka. A raina kuwa wani sanyi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Amma Murna ba a banza take Murna ba. Ba ta sake kai miki hannu ba. Sai ta zauna nesa kaɗan tana yi wa Yusufu wanka tana waƙa, da muryar nan tata, ke kuma kina leƙe daga bayan turmi. Ranar Juma'a kin matsa har bakin baho. Ranar Asabar ta ba ki soso ta ce ki wanke masa ƙafa. Ranar Lahadi a coci kina kan cinyata amma wuyanki yana wajen bebi. Ina kallo ana zare ki daga jikina zare ɗaya-ɗaya, kuma ba abin da zan kama in ce ga laifi.

Ranar Litinin bayan mun sauko daga Galili, wato hawan dutsen da muke yi da abinci da waƙoƙi washegarin Ista, babanki ya ce yana da magana. Aka zauna gindin mangwaro, Papa Chidi ma yana nan don ya biyo sauran shinkafa. Babanki ya yi godiya mai tsawo, har ya ambaci sunana, sannan ya ce jibi za su koma, da ke. Ya ce ba wanda ya san dokar da za ta fito in fitar ta tabbata, ko za a fara neman wasu takardu, ko a sake rufewa; ba zai yarda iyaka ta sake raba masa 'ya'ya ba. Baba ya ce a bar ki tukuna har ƙura ta lafa, nan ga makaranta ga asibiti. Mama ta ce ɗa na ubansa ne, yaye kuma ba riƙo ba ne, ba ta so a ce ta cinye jikar mutane. Suka yi ta yi, kowa yana faɗin abin da ya fi miki, ba wanda ya dubi inda nake zaune da ke a cinyata kina wasa da ɗankunnena. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, tun bayan Kirsimeti kake cewa ba a fitar da mutane daga inda suke sai an tambaye su. To ga ta nan. A tambaye ta."

Sai babanki ya fashe da dariya. Ya ce ya yarda, ai shi ne mai cewa jama'a sun san abin da suke so, jini kuma ba ya ɓata. Baba ma ya amince. Maganarsa ce na ɗaure shi da ita a gaban surukinsa, ba yadda zai yi. Murna ce ta ƙi. Ta ce 'yarta ce, ba kujerar kansila ba. Amma da na dube ta na ga abin da ban taɓa gani ba: Murna tana tsorona. Na ce in ta tabbata 'yarta ce, me take tsoro? Wannan ya sa ta miƙe ta gyara goyonta ta ce a yi.

Aka yi sharaɗi. In kin zo wurina, za ki zauna har Kirsimeti mai zuwa a ga yadda ƙasashen za su ƙare. In kin je wurinta, jibi ki bi su. Ba kira, ba tafi, ba abinci a hannu. Aka naɗa Papa Chidi baturen zaɓe, yana dariya yana cewa a kawo masa hula. Amma da ya zo gyara tabarma kusa da ni ya rage murya ya kira ni Nne, yadda yake kirana, wai uwa da yarensu, ya ce wanda ya nemi a kafa akwati ya shirya wa abin da zai fito daga ciki. Ban saurare shi ba. Ina da tabbaci. Wa ya san inda ƙaiƙayi yake damun ki in kin yi zufa? Wa kike nema in kin faɗi?

Na durƙusa a wannan bakin tabarma, Murna a wancan. Mama ta ɗauke ki ta tsayar a tsakiya ta ja da baya tana cewa Yesu ya gafarta mana wannan wauta. Kina sanye da rigar Ista mai ruwan ɗorawa da na zaɓa miki, takalmi ƙafa ɗaya ya cire. Kika dubi nan, kika dubi can, kika yi dariya don kin ga kowa yana kallon ki. Sannan kika juyo wajena kika fara tahowa. Salama, kin taho. Wannan ne abin da nake so ki sani ko da kin manta sauran. Har na ga shinkafar da ta maƙale miki a haɓa, har na fara ɗaga hannu. Sai Yusufu ya tsala kuka a bayan Murna, ita kuma ta ɗan karkata, ƙafarsa ta leƙo ta gefen zani tana harbawa. Kika tsaya. Kika ce, "Bebi kuka." Kika juya da gudu kika je kika kama ƙafar kina hura mata iska kamar yadda nake yi miki in kin ƙone. Murna ta rungume ki ta baya ta danna fuskarta a wuyanki.

Yaron da ya wuni yana barci a kan dutse cikin kiɗa da ganga, me ya tashe shi a daidai wannan lokacin? Murna ta rantse ba ta taɓa shi ba. Ni ban ga hannunta ba, amma na ga gwiwar hannunta ta motsa, kuma da wannan zan mutu. Na miƙe na ce maguɗi ne, a kwance jaririn a kai shi ɗaki a sake. Na ce ba uwa kika zaɓa ba, ba Maradi kika zaɓa ba, ƙafar bebi kika je gani. Na dubi Papa Chidi, baturen zaɓe, shi kuma ya juya wajen Baba. Baba ne ya amsa, a hankali, bai dube ni ba.

"Godiya, jaririn yana cikin abin da ke wancan gefen. Ba za a ɓoye mata shi ba. Kuma ba a sake zaɓe don wanda ya faɗi bai ji daɗi ba."

Ranar Laraba muka raka ku tasha. Ke murna kike yi, kin ɗauka yawo za a je, kin riga kowa shiga mota kina buga kujera kina ce mini in zo in zauna. Na ce ina zuwa. Da direba ya tayar ya fara ja, kika ga ina waje, fuskarki ta canja. Ban taɓa jin ƙara irin wadda kika yi ba, ko lokacin ƙyanda. Kina dukan gilashi da tafin hannu biyu kina Mama, Mama, Murna tana riƙe da ƙugunki tana cewa ga ta nan, ga Mama nan. Ban san na bi motar ba. An ce na fita titi da gudu ba takalmi, wani mai babur ɗauke da buhun masara ya kauce mini ya zube a kwata, ni na faɗi a kan kwalta, wata tirela ta ci birki har ƙaurin taya ya cika wurin. Abin da na tuna kawai ƙaton ƙarfen gabanta a saman kaina da zafinsa a fuskata, da mata suna salati suna kiran Yesu. Gwiwoyina sun warke. Amma har yau in mota ta yi ham a bayana sai in yi tsalle gefe, kuma in rediyo ya ambaci iyaka sai in bar wurin, don ina tsoron ranar da za a ce an sake rufewa kina can.

Na daina zama gindin mangwaro, amma wata yamma Baba ya kira ni, muka yi maganar da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa ga amfanin tambayar tasa nan: an tambayi wadda ba ta san me ake tambayarta ba, ta zaɓi ƙafar jariri ta sami Maradi. Na ce haka za a yi wa mutanen ƙasa guda, a nuna musu wani abu mai motsi a gefen zani su bi da gudu, sai mota ta tashi su fara dukan gilashi. Ya kashe rediyonsa. Sannan ya ce laifin ba na tambaya ba ne, na masu tambaya ne da ba su faɗa wa mutum abin da ke bayan amsarsa ba, kuma babba ba yaro ba ne, in an yi masa bayani zai gane. Papa Chidi ya ce shi ya tsufa bai ga ranar da aka yi wa talaka bayani ba. Ni har yanzu ban san wa ya fi gaskiya ba. Abin da na lura da shi kawai, a duk zaman da aka yi a kanki, an tambayi uba, an tambayi kaka, har ke da ba ki iya magana ba an tambaye ki. Ni da na yi goyon, sai da na yi wa kaina hanya da ƙarfi, kuma ko a nan ban kasance mai ƙuri'a ba, 'yar takara ce.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na tabbata ba za a saka a labarin ba. Kuna isa da 'yan kwanaki, da rana tsaka ina shanya citta, wayata ta yi ƙara. Murna ce, tana magana ƙasa-ƙasa, da alama ta shige ɗaki ne don kada surukarta ta ji. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce tun da kuka isa ba ki ci abin kirki ba, sai ruwa da ɗan biskit. An yi fura, an yi shinkafa, an yi lallashi, an yi tsawa, kin rufe baki kin juya wa bango fuska. Ta ce wuyanki ya fara fitowa. Ta ce babanki ya fara cewa in abin ya ci gaba, ko dai a mayar da ke Kafanchan. Na ji tana jan hanci.

"Godiya, don Allah. Yaya kike yi ta ci?"

Na tsaya da wayar a kunne, rana tana dukan ƙeyata. Kin ji abin da ta ce: a mayar da ke. Ba sai na yi ƙarya ba ma, in ce mata ban sani ba, yara haka suke, ta ƙara haƙuri. 'Yan kwanaki kaɗan na yunwa, in gan ki a ƙofar gida. Tunda nake Murna ba ta taɓa roƙona komai ba, yau ga ta a tafin hannuna. Na buɗe baki da niyyar cewa ban sani ba. Sai na ji ki daga can cikin ɗakin, ba kuka kike yi ba, wani ɗan nishi ne siriri da kike yi in kuka ya ƙare miki.

Na ce mata ta daina zuba miki a kwanonki, ba kya cin abin da aka ce naki ne. Ta zuba a nata, ta zauna a ƙasa kusa da ke ta ba ki baya kaɗan, ta ci cokali ɗaya ta ce kai, wannan abincin nawa ne, kada kowa ya taɓa mini. Sannan ta ajiye cokalin ta yi kamar tana neman wani abu a jaka, kada ta kuskura ta waiwaya. Ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ba ta kashe wayar ba, ta ajiye ta a ƙasa. Na ji ta zuba, na ji ta faɗi maganata da muryarta mai daɗi, ta fi ni iya faɗa ma. Na kasa kunne ina jira. Sannan na ji ƙarar cokali a jikin kwano, a hankali, irin ta ɓarawo. Na ji ta biyu. Murna ta ɗauki wayar tana dariya cikin raɗa ta ce, "Ta ci, tana ci," ta kashe.

Ba a sake maganar mayar da ke ba. An ce kin yi ƙiba, kin fara Hausar Maradi, kina bin Yusufu duk inda aka kwantar da shi. Na san mamanki, nan da 'yan shekaru za ta riƙa ba da labarin yadda kika ƙi cin abinci da dabarar da ta yi miki, tana kwaikwayon yadda kike satar cokali, mutane suna dariya suna cewa uwa dai uwa ce. Ki bar ta ta gama. In ta gama, ki tambaye ta wa ya koya mata.